Daga Harbi-Ruga Zuwa Mai Milimita 9: Tarihin Bakin Bindiga

Duk mai sauraron labarun rediyo ya saba jin an ce 'yan sanda sun kama wasu a Upper Iweka ko a bakin gada, an same su da ƙaramar bindiga ɗaya da harsasai kaza masu milimita 9, ko a ce an tsinci kwanson harsashi mai milimita 7.62 a inda aka yi ta'asa. Mukan ji, mu ce Allah ya kiyaye, mu koma kan cinikinmu. Amma in ka zaga rumfunan Babbar Kasuwa kana tambaya mece ce wannan milimita 9 ɗin, ba kowa zai ba ka amsa ba. Alhali kuwa lambar nan tarihi gare ta mai tsawo, kuma tarihin ya biyo ta wannan kogi na Kwara da muke zaune a bakinsa, ya hau Bida, ya kai Kano da Sakkwato, har ya taɓa kakannin wasu daga cikinmu.

Da farko dai sai mu san awon, tunda mu 'yan kasuwa ne, ba mu magana sai da mudu. Lambar da ake faɗa faɗin ramin bakin bindiga ce, wato kaurin harsashin da ke bi ta ciki. Turawan Ingila da Amurka da inci suke awo. In ka ga an rubuta .45, ana nufin kashi 45 cikin 100 na inci ɗaya, wato milimita 11 da 'yan kai. Jamus da Faransa da sauran ƙasashen Turai su da milimita suke yi. Wani abin dariya, wadda ake kira .38 ba ta cika .38 ɗin ba, ainihin kaurin harsashinta bai wuce .36 ba, kusan daidai yake da mai milimita 9. Ka ga ashe ba a kasuwar hatsi kaɗai ake samun mudu mai suna daban ciki daban ba.

Bindigar farauta kuwa, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, awonta ya fi kama da namu na sikeli. In an ce mai lamba 12, ma'anarsa a narka dalma laba ɗaya, a raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, to kaurin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bakinta, wajen milimita 18 da rabi. Shi ya sa mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙanta. A riƙe wannan lamba 12, za mu komo kanta.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka soma kawo bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a cikin dakarun fada. A Barno tun kafin nan, a ƙarni na 16, Mai Idris Aloma yana da 'yan bindiga da Turkawa suka koyar. Amma kada a ɗauka yaƙi da ita ake yi. Baturen nan Clapperton da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobirawa a 1826, cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. Doki da mashi da takobi da kibiya mai dafi su ne yaƙi. Bindigar lokacin ita ce wadda muke kira harbi-ruga, ko bindigar toka, kuma sunan ya faɗi halinta. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa, sannan a ja kunama ƙanƙara ta ƙyasta. Kafin ka gama wannan hidima karo na biyu, mai baka ya sakar maka kibiya biyar. In damina ce albarushi ya sha raɓa, sanda ce kawai a hannunka. Bakinta fa ba ƙarami ba ne. Irinta da sojan Ingila ke riƙewa a wancan zamani .75 ce, wato milimita 19, babban yatsa yana iya shiga. Turawa na kiranta da sunan mutanen Danmak saboda su suka yi suna wajen sayar da ita a gaɓar teku, amma yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙerawa, da araha, musamman don kasuwar Afirka.

To a nan Anacha ta shigo labari. A 1857 Dokta Baikie ya iso nan da jirgin ruwa, aka kafa kantin Macgregor Laird, Samuel Ajayi Crowther kuma ya kafa mishan. Daga nan kogin ya zama hanyar kaya: manja da hauren giwa su gangara, gishiri da yadi da barasa da bindiga da albarushi su hau. Wanda ya fi kowa gane abin da wannan ke nufi shi ne Etsu Masaba na Bida, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873. Ya rungumi Turawan kogi, ya sayi bindigogi da albarushi da yawa, ya kuma tsare hanya don kada su riƙa wucewa arewa sai ta hannunsa. Wannan dillanci ne irin wanda kowane ɗan kasuwa ya sani: ka zauna a bakin ƙofa, kowa ya saya daga gare ka. Sarakunan arewa sai suka dogara da abin da ya tsallake Nufe da wanda ya biyo ayarin Turabulus ta hamada. A Damagaram Sarki Tanimu har igwa ya sa maƙeransa suka zuba. Mutanen Anacha su ma sun ɗanɗana tun da wuri, domin a 1879, bayan rikici da kamfanin Turawa, jirgin yaƙin Ingila mai suna Pioneer ya yi wa garin nan ruwan wuta.

Akwai kuma namu da suka shigo ƙasar nan da bindiga a kafaɗa, ba da kaya a ka ba. Su ne maharban giwa. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 Hausawa maharba sun bi giwa har cikin dazuzzukan ƙasar Ibo, wasu suka yada zango a Elele, kan hanyar Fatakwal, kuma zuriyarsu na nan. Su faɗin bakin harbi-ruga amfani ya yi musu. Maimakon dalma sai su cusa sango, wani gajeren mashi mai dafi, albarushi ya tura shi ya huda fatar giwa, sannan a bi sawunta har ta faɗi. Da bindigar zamani mai ƙaramin baki ba za a yi wannan dabara ba.

Yayin da muke fama da harbi-ruga, a Turai bakin bindiga raguwa yake yi, kuma dalili biyu ne. Na ɗaya, sun iya yi wa cikin bututun zane mai murɗiya, harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, sai ya miƙe sak ya yi nisa. Na biyu, a 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi wanda ya fi na toka ƙarfi nesa ba kusa ba. In harsashi na da gudu, ba ya bukatar nauyi. Dubi yadda ta sojan Ingila ta yi ta saukowa: Snider ta 1866 tana .577, Martini-Henry ta 1871 ta dawo .45, wajen 1889 aka koma .303, wato milimita 7.7. Cikin shekara ashirin da 'yan kai faɗin ya kusa rabewa biyu, soja kuma ya iya ɗaukar harsasai ninkin na da a ɗamararsa.

Su Turawan sun san abin da suka riƙe. A ranar 2 ga Yuli 1890 suka sa hannu a wata yarjejeniya a Brussels, wai don hana cinikin bayi, amma a ciki aka hana sayar wa baƙar fata bindigar zamani a yawancin Afirka. Harbi-ruga da albarushin toka ne kaɗai aka bari a kasuwa. Ni a ganina wannan takarda ta ci ƙasarmu tun kafin a harba harsashi ɗaya. A Janairun 1897 George Goldie na Kamfanin Kwara, wanda hedkwatarsa ke nan Asaba tsallaken ruwa, ya tasam ma Bida da soja wajen 500 kawai, da bindigogin Maxim, ya watsa dubban dawakin Nufawa, a wata mai zuwa ya ci Ilori. Maxim ita ce kakanninmu suka sa wa suna bindiga mai ruwa, don ana zuba mata ruwa a jikin bututu kada ta yi zafi, tana kuwa iya aman harsashi wajen 600 a minti ɗaya. Ita aka kai Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka kai Sakkwato 15 ga Maris, aka kai Burmi 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. A Burmin nan ma shugaban sojan Turawa, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ce ta kashe shi. Abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin masu jan kunamar Hausawa ne da Yarabawa, tun daga ƙungiyar da Glover ya tara a Ikko a 1863 wadda ake kira Hausawan Glover. Bature kaɗan ne, yana baya ko yana gefe, da libarba a ƙugu.

Wannan libarba ita ce asalin zancenmu. Sunanta Webley, sojan Ingila sun karɓe ta a 1887, tana cin harsashi 6, faɗinta .455. Harsashi ne mai kauri, mai nauyi, marar gudu sosai, kuma da gangan aka yi shi haka. Tunanin hafsoshin mulkin mallaka shi ne, ƙaramar bindiga ba ta nesa ba ce, ta lokacin da mai takobi ya riga ya iso gabanka ce, saboda haka ana son abin da zai tsayar da shi nan take. Amurkawa ma sun zo kan wannan ra'ayi ta hanya mai ɗaci. A 1892 sun bar .45 sun koma libarba .38 don ta fi sauƙi. Da suka shiga Filifin suka gamu da Musulmin kudancin ƙasar, waɗanda ake kira Moro, sai sojojinsu suka riƙa kai ƙara cewa ana harbin mutum sau uku sau huɗu yana tahowa da addarsa. A 1904 gwamnati ta sa hafsoshi biyu, Thompson da LaGarde, su gwada harsasai iri-iri. Ina suka je? Mayankar Chicago, suka yi ta harbin shanu suna kallon wanne ke saurin kayar da sa. 'Yan'uwanmu na kara, ga sana'arku ta shiga tarihi. Gwajin nan ba wani gwaji ne na a-zo-a-gani ba, shanun ba su da yawa, amma hukuncinsa ya zauna: kada a yi ƙasa da .45. Daga nan aka sami fistol ta John Browning ta 1911, mai cin harsashi 7, wadda sojan Amurka suka riƙe shekara 74.

Ana cikin haka, a Jamus wani mai suna Georg Luger ya fito da nasa harsashin a farkon ƙarni na 20, wajen 1902: kauri milimita 9, tsawon kwanso milimita 19. Siriri ne a kan .45, amma ya fi gudu, kuma da yawa na shiga gida ɗaya. Sojan ruwan Jamus suka ɗauka a 1904, na ƙasa a 1908. Shi ne wannan milimita 9 da kuke ji a rediyo, ya haura shekara 120 ke nan yana kasuwa.

Ingila ta yi jinkiri. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sun lura cewa .455 sai gwani. Tana da nauyi, tana dukan hannu, sabon soja da aka horar cikin 'yan makonni ba ya samun abin da ya auna. Saboda haka a 1932 suka sauko zuwa libarba Enfield mai .38. Ita ce hafsoshi suka rataya lokacin da aka kwashi iyayenmu zuwa Boma a runduna ta 81 da ta 82 daga 1943 zuwa 1945. 'Yan Boma da .303 suka yi yaƙi, irin wadda daga baya ta daɗe a hannun 'yan sandanmu ana ce mata maka-fo, amma a can suka san milimita 9, domin shi ƙaramar mashin ɗin nan Sten ke ci. Ka ji ikon Allah, Ingila na yaƙi da Jamus da harsashin da aka ƙirƙira a Jamus. Bayan yaƙi suka ajiye libarba gaba ɗaya suka ɗauki Browning ta Beljiyam, ƙirar 1935, mai cin 13. Lissafin a fili yake: 13 da 6 ba ɗaya ba ne. Sojan Nijeriya suka gaji wannan, kuma da aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964, da taimakon kamfanin Jamus Fritz Werner, harsasan da aka sa gaba su ne 7.62 da milimita 9, awon ƙungiyar NATO.

Labarin Amurka daga nan shi ya fi ba ni dariya, don ya yi kama da yayin atamfa. A 1985 sojansu suka bar .45 suka ɗauki Beretta ta Italiya mai milimita 9, mai cin 15, tsofaffin soja na ta gunaguni. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 11 ga Afrilu 1986, jami'an FBI suka yi arangama da 'yan fashin banki biyu a Miami. An kashe 'yan fashin, amma jami'ai 2 sun mutu, 5 sun ji rauni, kuma ɗaya daga cikin 'yan fashin ya yi wannan ɓarna ne bayan harsashin milimita 9 ya riga ya shige shi, ya tsaya gab da zuciya. Sai aka ɗora wa harsashi laifi. FBI ta koma milimita 10. Shi kuma ya yi wa jami'ai da yawa ƙarfi, aka rage masa albarushi, daga nan kamfanin Smith & Wesson ya gajarta kwanson ya fito da .40 a 1990. Wajen shekara 20 wannan .40 shi ne ango a wurin 'yan sandan Amurka. Sai ga shi a 2014 masu horarwa na FBI ɗin da kansu sun ce sun sake bincike: ƙirar harsashi ta ci gaba, likitoci ba su cika bambance raunin wannan da na wancan ba, jami'ai sun fi samun abin da suka auna da milimita 9, ya fi araha, bindiga kuma ta fi daɗewa ba ta lalace ba. A 2016 suka ba kamfanin Glock na Ostiriya kwangilar milimita 9. An zaga an zaga an komo gidan jiya. Shi Gaston Glock ɗin, wanda ya rasu a 2023, kafin 1982 sandar labule da wuƙaƙe yake ƙerawa. Majigi ma na da nasa hannu a yayin. Harsashin .44 Magnum ya fito tun tsakiyar shekarun 1950 ba wanda ya damu da shi sai maharba, da fim ɗin Dirty Harry ya fito a 1971 sai aka rasa bindigar a kantuna.

To mu fa? A nan tafiyar ta sha bamban, kuma maƙeran Awka ne suka sa. Tun kafin zuwan Bature maƙeran Awka sun yi suna a duk ƙasar nan, suna yawo gari-gari suna ƙira, suna gyaran harbi-ruga har suna ƙera sabuwa. Da Turawa suka ci ƙasar Ibo, daga yaƙin Aro na 1901 da 1902 zuwa 'yan shekarun da suka biyo, sun riƙa tara bindigogin gari suna kakkaryawa a bainar jama'a, har masu masaukinmu na tuna lokacin da sunan ntiji egbe, wato karya bindiga. An karya bindiga, amma ba a karya hannun maƙeri ba. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, da aka toshe wa Biyafara hanya, wannan basira ta fito fili, aka ƙera nakiyar nan ogbunigwe. A yaƙin ne Babbar Kasuwar nan ta ƙone a Oktoban 1967, lokacin da rundunar Murtala Muhammed ta yi yunƙurin tsallako ruwa daga Asaba, garin kuma bai faɗi ba sai Maris 1968. A yaƙin ne kuma Tarayyar Sobiyat ta kawo wa sojan tarayya AK-47. Ita ma 7.62 ce, amma kwansonta gajere ne, milimita 39, na NATO kuwa 51, saboda haka ɗaya ba ya shiga gidan ɗaya. Haka Makarov ta Rasha, ana ce mata milimita 9 amma ba ta cin na Luger.

Duk wanda ya taɓa sayen kayan gyara a Nkpor ko Nnewi ya san ƙa'idar: motar da kayanta ke ko'ina ita ke cin kasuwa, ko da akwai wadda ta fi ta kyau. Abin da ya ɗaukaka Fijo 504 ke nan a zamaninta. Haka bindiga. Bututu ƙarfe ne, maƙeri zai iya, amma harsashi sai masana'anta. Harsashin da aka fi sayar wa mai lasin farauta kuwa shi ne mai lamba 12. Shi ya sa in 'yan sanda suka baje ƙananan bindigogi ƙirar gida a gaban 'yan jarida, sau da yawa za ka ga katirijin farauta ja ko kore a gefensu. Wato duniya na ta tsuke baki tana komawa milimita 9, tamu ta gida ta buɗe nata ta koma 18 da rabi, kusan daidai da harbi-rugar kakanni. Ba wani gwani ne ya zaɓa ba, abin da ke kanti ne ya zaɓa.

Bayan yaƙi makamai sun watsu a hannun mutane, fashi ya tashi. Gwamnatin Gowon ta yi doka mai lamba 47 ta 1970, hukuncin ɗan fashi harbi. Aka harbe Ishola Oyenusi a Bar Beach ta Legas ranar 8 ga Satumba 1971, aka harbe Lawrence Anini na Binin ranar 29 ga Maris 1987, kuma shari'ar Anini ta tona cewa wani babban ɗan sanda, George Iyamu, na cikin masu taimaka musu, shi ma aka harbe shi. A nan Anacha 'yan kasuwa sun tashi da kansu a 1979 a abin da ake kira Boys Oye, suka bi waɗanda ake zargi gida-gida. A 2000 Gwamna Chinwoke Mbadinuju ya shigo da 'yan Bakassi, da adda da bindigar farauta mai ja-ka-tura, ita ma mai lamba 12. Suka kashe Derico a Ochanja a Yulin 2001, jama'a na tafi, amma kafin gwamnatin tarayya ta rusa su a 2002 mutane da yawa sun tafi ba tare da an tsaya gaban alƙali ba. Kasuwar wannan bindiga ba ta mutu ba, domin a Janairun 2017 kwastan sun kama guda 661 cikin kwantena ɗaya a Legas.

Ina da dalilin kawo wannan dogon zance a mujallarmu. Akwai samarinmu masu bin hanya da kuɗin shanu ko na albasa ko na goro, wani lokaci a kan sami mai raɗa musu cewa ga 'yar ƙarama nan da araha, ka sa a ƙugu don tsaron kai. Su sani, dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja da awonsu, 7.62 da milimita 9 da .300 da .303, ta kuma haɗa da kowace irin libarba da fistol, ko ta kamfani ko ta maƙera, ko da ta ƙanƙara ce. Kashi na biyu su ne na farauta, lasinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Na uku su ne masu ɗuri ta baki. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini, ko da bai taɓa harba ta ba. Sannan mu baƙi ne. In aka tsinci ƙaramar bindiga ɗaya a ɗakin yaro ɗaya a unguwarmu, ba sunan yaron za a kira ba, cewa za a yi an kama makamai a wurin Hausawa, Sarkin Hausawa da dattawa su kwana suna zarya ofishin 'yan sanda, masu rumfa su kwana da fargaba. Waɗanda suka ga abin da ya faru a garin nan a Fabrairun 2006 ba sai an yi musu bayani ba. Jami'an FBI ma da ke atisaye duk shekara, su takwas ne a Miami a kan mutum biyu, ka ji yadda ta kaya, balle mai ɗaurin kuɗi a cikin luksuriya da tsakar dare.

Kashi na uku, wato harbi-ruga, ita kaɗai ce lasinta ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma ita ce ta fi duka tsawon rai. Webley ta koma gidan tarihi, yayin .40 ya ja baya, amma ita tana nan a kafaɗar mafarauta da 'yan sintirin ƙauye. Ranar hawan sallah a Kano da Katsina da Zariya 'yan bindiga na gaban sarki suna ɗura mata albarushi zalla ba dalma, su harba sama hayaƙi ya turnuƙe, dawaki na zabura. Masu masaukinmu su ma ba su yar da tasu ba. In babban mutum ya mutu a ƙauyukan da ke kewaye da mu, da asuba za ka ji ƙasa ta girgiza, wannan ita ce mkponala, guntun bututun ƙarfe da ake kafawa a ƙasa a cika da albarushin toka, irin wanda jiragen Laird suka riƙa saukewa a bakin ruwan nan tun 1857.